Kwanon Ustaz

Jama'a, tun da na fara ba ku labarina a wannan shafi kuke damuna da tambaya ɗaya: wai ya aka yi Inna ta san da zaman Tijani? To ku gyara zama, yau zan tona wa kaina asiri. Duk wadda ta yi mini dariya kuwa, Allah ya haɗa ta da uwa irin tawa.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Barira. A Tamanrasset aka haife ni, can kudancin Aljeriya, inda Baba ya zo daga Damagaram tun yana saurayi ya buɗe shagon yadi. A shekarar 2006 ina da shekara ashirin da ɗaya, ina ajin farko a makarantar horon malamai can arewa, tafiyar kwana biyu a mota, ina karatun zama malamar lissafi. Baba bai so tafiyar nan ba ko kaɗan. Sai da na yi sati ina kuka ina ƙin cin abinci a gabansa (a bayan idonsa ina ci) sannan ya yarda, shi ma da sharaɗi.

"Shekara guda na ba ki. Kika faɗi ko abu ɗaya ne, kin dawo kenan. Ga shago, ga keken ɗinki."

A tsakiyar shekara aka watsa mu gida, kowa ya je kolej, wato ƙaramar sakandare, mafi kusa da shi ya yi abin da ake ce wa istaj. Sati biyu kana zaune a bayan aji, bakinka a rufe, kana kallon yadda malami yake koyarwa kana rubutawa a wani koren littafi. Ranar ƙarshe a miƙa maka alli ka koyar da darasi ɗaya. Malamin ajin ya sa hannu a littafin, ko ya ƙi. In ya ƙi, shekararka ta tafi. Kafin mu taso shugabar makarantarmu ta ja mana kunne da babbar murya: duk wanda ya kai wa malamin ajinsa kyauta, ko dabino ɗaya ne, toshiyar baki ce, korarsa za a yi. Ku riƙe wannan maganar, za ku buƙace ta.

Ranar Asabar ta farko, don a lokacin daga Asabar satinmu yake farawa, tun da asuba Inna ta tashe ni. Ta fito da lafayarta mai ruwan zuma, wadda ko ni ba na taɓawa sai da alwala, ta tsayar da ni a kan kaskon turare har na fara tari.

"Inna, aji zan shiga fa, ba ɗakin miji ba."

"Wa ya sani? Ɗaga hannunki."

Na ɗora farar rigar malamai da ake ce wa tabliya a kan lafayar, na dubi madubi, na ga tulu an naɗe shi da ƙyalle. Ina sa takalmi sai ga Inna da shuɗiyar kularta mai hawa biyu, wadda hannunta ɗaya ya karye tun ina firamare, ta ɗaure ta da ɗankwali.

"Dambu ne da zogale. Na Ustaz ne."

"Inna, an hana! Korata za a yi."

"Wa ya hana? Mutanen arewa? Su da ba su san girman malami ba? A Damagaram ko yaron da ake koya wa alif ba ya zuwa gaban malam hannu rabbana. Mutum zai sa hannu a takardarki da yunwa a cikinsa? Ɗauki, kada in saɓa miki."

Duk wanda ya san Inna, Hajiya Gwamma, ya san ba a musu da ita a ci. Na ɗauka.

Malamin da aka haɗa ni da shi sunansa Ustaz Elwafi, mutumin Mertutek ne, can cikin duwatsu. Dogo ne siriri, kullum da shuɗin rawani ya rufe baki da hanci kamar yadda mutanensu suke yi, idanu kawai kake gani. Ba ka sanin murmushi yake ko haushi yake ji. Da Larabci ake koyarwa, shi kuma Larabcin ma a auna yake fitar da shi. Ya nuna mini wani ɗan benci a bayan aji ya ce, "Zauna. Duba. Rubuta." Gaisuwar kenan.

Na tura kula ƙarƙashin benci na rufe da jaka. Amma kun san dambun Inna, da man gyaɗa da soyayyar albasa. Kafin rabin awa yara arba'in suna ta ɗaga hanci suna waige. Ustaz ya zo wucewa ta gefena, ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Ni kuma da baƙin halina na magana ƙasa-ƙasa, na ce da Hausa, "Allah ya sa ba barci kake a cikin rawanin nan ba." Ya wuce abinsa.

Ana buga ƙararrawar hutun ƙarfe goma na suri kula na zaga bayan ajin, inda ake gina sababbin ɗakuna, da niyyar in ba duk wanda na fara gani, ko mage ce. Sai na ji daga sama an ce, "Ranki shi daɗe, Ustaza."

Na ɗaga kai. Tijani ne a kan katako, da cokalin gini a hannu, yana washe baki.

Bari in gaya muku ko wane ne. Magini ne, ɗan Maraɗi. Shekara guda kafin nan, da ruwa ya yi mana ɓarna, shi ya zo gyara rufin kicin ɗinmu. Kwana huɗu ya yi bai ce mini komai ba sai sannu, ranar da zai tafi na tarar ya rubuta lambar wayarsa da ƙusa a cikin ɗanyen siminti bayan murhu. Har yau tana nan, Inna ta ɗauka awon gini ne. Tun daga nan muke musayar mesaj, amma na hana shi zuwa ƙofar gidanmu, don na san ra'ayin Inna game da 'yan gini. Yaran siminti take ce musu, yau suna nan, gobe jandarma sun loda su a mota an kai iyaka. Ita mai albashi da buro, wato ofis, take nema mini. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, ba tsoron Inna kaɗai ba ne. Ni ma ina jin kunyar a ga malamar lissafi da mai wando duk siminti. Ina son sa, ina ɓoye shi, kuma ya sani.

"Me kake yi a nan?" na ce, ina waige-waige.

"Kin ce kada in zo gidanku. Ba ki ce kada in gina lekkol ba." Haka yake kiran makaranta.

"A nan ba ka san ni ba, ka ji ko?"

"Na ji. Baƙuwa, mi ne ne wannan mai ƙamshi?"

Na miƙa masa kula na gudu.

Da aka tashi na tarar da ita a bayan tulin bulo, an wanke ta tas, an ɗaure ɗankwalin yadda yake. Na kai gida ban buɗe ba. Inna ce ta buɗe, sai na ji ta saki salati. Dabino ne cike da hawan sama, manya masu laushi, irin na garin Silet.

"Kin gani? Kin ga ɗan mutunci? Ya san ba a mayar da kwano wayam. Ke kika ce an hana!"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Na buɗe baki, na dubi fuskar Inna tana ta sheƙi, na ɗauki dabino ɗaya na toshe bakina da shi.

Haka abin ya ɗore. Rana ta biyu tuwon gero miyar kuka, kula ta dawo da ganyen shayi. Rana ta huɗu shinkafa da wake, ta dawo da sabulu mai ƙamshi. Rana ta biyar ta dawo da sabon hannu, an lanƙwasa ƙarfe an ɗaura mata, har an naɗe shi da roba kada ya ci wa mutum yatsa. Inna ta zauna a bakin gado tana juya kular nan kamar jaririya.

"Shekara goma sha biyar ubanki yana ganin hannun nan a karye. Ga mai ilmi, ga aikin hannu. Barira, shin Ustaz ɗin nan yana da iyali?"

"Ban sani ba, Inna."

"To ki sani."

Daga ranar dambu ya kau, aka koma nama. Baba ya fara ƙorafi wai miyarsa ta zama ruwan wanka, ya laluba ya laluba ba ya cin karo da komai. Inna ta aika aka kira Gwaggo Laure, yayar Baba, wadda duk bikin Hausawan Tamanrasset ita ce mai guɗa. In Gwaggo ta rangaɗa a unguwarmu sai an ji a bakin kasuwa. Suka baje dabino da sabulu da kula a tabarma suna nazari.

"Laure, ki zama shaida," in ji Inna, ta dafa kular. "Wanda duk ya yi wannan aikin, ko gobe ya zo na ba shi ɗiyata ido rufe."

"Na shaida," in ji Gwaggo, bakinta cike da dabino.

Ina ɗaki ina jin su, 'yar Nokiyata ta yi ƙara, Tijani ne.

*Slm. Ki ce ma Inna gishiri ya ɗan yi yawa yau.*

*Kai kana da kunya kuwa?*

*Ni ina da ita. Ustaz ne bai da.*

*Wallahi Tijani za ka sa a kashe ni. Aure take shirin ɗaura mini da shi.*

Shiru, har na ɗauka kuɗin wayarsa ne suka ƙare. Can sai ga amsa.

*To ki hwaɗa mata gaskiya. Ni ba ni jin kunyar kaina.*

Na kifa wayar, don maganar ta same ni inda ba na so.

A aji kuwa ina ta cika koren littafi. Na lura Ustaz Elwafi ba ya amsa tambaya. Yaro ya tambaye shi, sai ya miƙa masa alli ya koma gefe ya harɗe hannu. Yana iya yin shiru har ka ji kukan ƙuda, ni a baya ina ta gumi a madadinsa, can sai wani yaro ya ce "Aha!" ya ruga allo. Sau ɗaya tak ya yi mini doguwar magana, ranar da ya ba ni darasina, ƙa'idar Fitagoras, wadda ke haɗa tsawon gefuna uku na alwatika mai kusurwa irin ta ɗaki. Ya ce, "In yaro ya tambaye ki amfanin abu, kada ki ce masa zai fito a jarrabawa." Na rubuta a littafi, na ja layi biyu a ƙasa, na manta.

Na shirya shafi huɗu, na haddace su kamar hadda. Na koyar da madubi, na koyar da akuyar Inna, har bangon kicin ya sha darasi.

Ranar Laraba ta ƙarshe, ranar darasina, ta zo. Abin mamaki, Inna ba ta ba ni kula ba. "Tafi kawai, Allah ya ba da sa'a," ta ce, tana ta fara'a. Da ina da wayo da tun nan na gane akwai magana.

Ƙarfe takwas Ustaz ya miƙa mini alli, ya ɗauki koren littafina ya koma ɗan bencina na baya. Na tsaya gaban yara arba'in. Na zana alwatika, na buɗe baki, sai hadda ta ɓalle. Na yi ta zuba ba waƙafi ba numfashi, ina rubutu ina gogewa, ban dubi fuskar kowa ba. Na kai ƙarshen shafi na huɗu na ce, "Akwai tambaya?" Na dubi agogon bango. Minti goma sha ɗaya. Darasin awa guda ne.

Yaran suka zuba mini ido, ni ma na zuba musu. Can wata 'yar siririya a layin gaba, Jannatu, ta ɗaga hannu.

"Ustaza, wannan abin, me ake yi da shi?"

"Zai fito a jarr…" Na hango idanun nan biyu a bayan aji. Na haɗiye sauran.

A daidai nan na ji ƙamshin turaren da na sani. Na ce a raina, a'a, Ya Allah, ba yau ba.

"Salamu alaikum, masu karatu!"

Inna ce a bakin ƙofa cikin shaddarta ta zuwa suna, Gwaggo Laure a bayanta da goggoro ya kusa taɓa saman ƙofa. A kan Gwaggo ga shuɗiyar kula, a hannun Inna ga wani babban kwano rufe da faifai. Ashe mai gadin makarantar Gwaggo ce ta yi guɗar bikin 'yarsa, har rakiya ya yi musu. Abin da aka ce ko dabino ɗaya kora ce, ga shi an shigo da shi a ka, gaban shaidu arba'in. A take na hango keken ɗinkin Baba yana jirana.

Suka wuce kai tsaye suka dire kayan a gaban Ustaz. Inna ba ta jin Larabcin makaranta, na kasuwa kawai ta iya, don haka ta juyo gare ni.

"Barira, faɗa masa na zo da ƙafata in yi godiyar dabino da gyaran kula."

Na juya na ce da Larabci, "Ustaz, mahaifiyata ce. Ta ce… ta zo ganin yadda ake karatu."

Ya miƙe, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ba su bencin, ya tsaya a gefe. Ya yi mini alama da hannu in ci gaba.

In ci gaba da me? Na juya allo na fara rubuta misali, uku sau uku tara, huɗu sau huɗu goma sha shida. A bayana ina jin Gwaggo tana raɗa, ita kuwa raɗarta ta fi sallamar wasu ƙarfi.

"Dogo ne, Gwamma. Idanun ba laifi. Amma a ce ya sauke rawanin mu ga haƙora, kada a sayo mana abu a buhu."

Akwai yaran Hausawa kusan goma a ajin. Suka fara fassara wa na kusa da su, dariya tana tafiya layi-layi. Na danne, na rubuta tara da goma sha shida, ashirin da biyar, wato biyar sau biyar. Na ja layi a ƙasa.

"Ta ci?" in ji Gwaggo.

"Ta ci mana, ba ki ga ta ja layi ba?"

Sai Gwaggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

Jama'a, malamin aji na kusa sai da ya leƙo ta taga. Yara suka kwanta a kan tebura suna riƙe ciki. Ni dai na tsaya da alli a hannu ina roƙon ƙasa ta tsage. Da hayaniyar ta lafa, Inna ta gyara mayafi.

"Barira, tambaye shi, kazar jiya ta yi masa daɗi?"

Kafin in ƙirƙiro wata ƙaryar, sai wata murya ta fito daga cikin shuɗin rawani, da Hausa tsantsa irin ta Agadas.

"Hajiya, ni ko ƙashin kazar ban gani ba. Kwana goma ƙamshi kawai nake sha."

Allin ya faɗi daga hannuna ya karye biyu. Gwaggo ta dafe goggoronta. Inna ta dubi Ustaz, ta dubi kula, ta juyo gare ni a hankali.

"To wa yake cin abincina?"

Ban ma buƙaci amsawa ba. Yara arba'in, Larabawa da Hausawa da masu jin Tamahak, yaren su Ustaz, suka ɗaga hannu tare suka nuna taga. Ashe duk sun sani, ni kaɗai nake ganin ina da sirri. Ta tagar ga Tijani can yana jan igiya a kan harsashin sabon ɗaki, yana 'yar waƙarsa, kumatunsa sun ciko fiye da sati biyu da suka wuce.

"Wancan?" in ji Inna. "Yaron da ya yi mana rufin kicin?"

Hawaye suka cika mini ido. Na gama yanke wa kaina hukunci, ga kyauta a gaban malami, ga ƙarya ta fito, ga darasi ya watse. Sai Ustaz ya dubi agogo ya koma Larabcinsa, kamar ba abin da ya faru.

"Ustaza, saura minti talatin da biyar. Kuma Jannatu ta yi tambaya ba ki amsa ba."

Na sake duban taga, wannan karon igiyar na gani. Kullum in na kai kula ina ganin magina da ita a kusurwar gini, mai ƙulli-ƙulli, ban taɓa tambaya ba, don a ganina me magini zai koya wa 'yar makarantar arewa? Sai yanzu abin ya faɗo mini. Amma sai na kira shi, da sunansa, a gaban uwata. Na je taga, na share ido da hannun tabliya.

"Tijani! Zo da igiyarka."

Ya shigo da wandonsa duk siminti, ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa a gaban su Inna.

"Ina kwana, Inna."

"Wa ya ce maka ni innarka ce?" Ta kau da kai.

Na ce masa ya nuna wa yara yadda yake gane kusurwar ɗaki ta tsaya daidai. Yana faɗa da Hausa ina juyawa. Ya ce daga kusurwa sai ka auna santimita sittin a bango ɗaya ka yi alama, ka auna tamanin a ɗayan, sannan ka ja igiya tsakanin alamun biyu. In ta ba ka ɗari cif, kusurwarka ta tsaya. In ta wuce ko ta gaza, rushe ka sake.

"Me ya sa ɗari?" in ji Jannatu.

Tijani ya sosa ƙeya. "Haka maigidana ya koya mini a Maraɗi. Shi ma haka aka koya mishi."

Amsar tana kan harshena tana tsalle. Na cije ta. Na ɗauki guntun allin na miƙa wa Jannatu, na koma gefe na harɗe hannu. Ta rubuta sittin sau sittin, ta tsaya tana cizon yatsa. Wani daga baya ya ce ta yi na tamanin ma. Ta haɗa su, dubu goma. Sai ta yi tsalle.

"Ɗari sau ɗari ne! Uku, huɗu, biyar ne, an dai ƙara musu girma!"

Tijani ya matso ya ƙura wa allon ido. "Ashe abin yana da dalili," ya ce a hankali.

Daga nan ajin ya kama wuta. Suka ce sai an gwada kusurwar ajinmu. Aka ja tebura, wasu suka riƙe igiya, wasu suka rarrafa da alli. Igiya ta ba da ɗari da uku.

"Ajinmu karkatacce ne!" Suka kaure da ihu kamar an ci ƙwallo.

Inna da ta yi rantsuwa da fuska ba za ta tanka ba, ta kasa daurewa. "Kai, wai ɗakin nan a karkace yake?"

"Ba ni na gina shi ba, Hajiya. Nawa na can waje, a je a gwada."

Aka gwada allo, aka gwada ƙofa, aka gwada littafin Ustaz. Da ƙararrawa ta buga har da masu cewa a ƙara minti biyar.

Yara suka fita, Tijani ya naɗe igiyarsa ya bi su, ya rage mu huɗu. Ustaz ya zauna ya buɗe koren littafi, ya cire murfin biro, ya tsaya. Wannan tsayawar ta fi duk shirunsa tsawo.

"Uwata 'yar Agadas ce," ya ce da Hausa. "Kuma ba barci nake a cikin rawanin ba."

Na rufe fuska da tafin hannu.

"Minti goma sha ɗayan farko, da allo kike magana, ba da yara ba. Sauran kuwa darasi ne. Maganar kyauta, an ce kada ki ba ni, ba ki ba ni ba. Cikina shaida ne." Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu ina kuka ina dariya, ban san lokacin da na rungume littafin a ƙirji ba.

"Ustaz," in ji Gwaggo, don ita ba ta barin aiki rabi, "kana da iyali?"

"Mata ɗaya, 'ya'ya shida, suna Mertutek. Haƙorana kuma talatin da biyu ne, Hajiya."

Gwaggo ta ce to madalla, Allah ya raya. Inna ta tura masa babban kwanon ta ce tunda ya riga ya sa hannu ai doka ta ƙare, ya ci haƙƙin ƙamshinsa. Amma shuɗiyar kula ta ɗauke abarta ta rungume, ta yi gaba.

Muka biyo ta a baya. Muna tsakar filin makaranta Gwaggo ta yi gyaran murya.

"Gwamma, ni fa an sa ni shaida."

"Laure, ki rufe mini baki."

"Ni dai na ji an ce wanda duk ya gyara hannun nan, ido rufe. Ban ji an ce sai mai rawani ba."

Inna ta tsaya cak. Ta dubi hannun kular, ta shafa robar da aka naɗa. Ta juya ta nufi wajen gini, inda Tijani yake tsaye da hula a hannu kamar mai jiran hukunci. Ta dire kular a kan bulo.

"Kai, ɗan Maraɗi. Kwana goma kana cin hannuna a ɓoye. Har ka ce gishirina ya yi yawa."

Ashe Inna tana ba ƙanwata wayata ta karanta mata in na shiga wanka, sauran mesaj ɗin duk na goge, wannan ɗaya mai lamba ba suna na manta, ta ɗauka Ustaz ne yake wasa da ita.

"Wannan ma ka cinye. Ka wanke. Ranar Juma'a bayan masallaci ka kawo ta da kanka, ba a hannun Barira ba. Mai gidan yana nan."

Da la'asar Baba ya dawo daga shago, ya sa tabarau ya duba sa hannun da hatimin, ya juya littafin ta baya ko akwai wata maƙarƙashiya. Ya ce to, ki shirya kayanki, motar arewa ranar Lahadi ce. Sannan ya tambaya ko yanzu za a dawo masa da namansa cikin miya. Ba wanda ya gaya masa komai. Inna tana ta tankaɗe, Gwaggo tana kallon sama.

Na shiga ɗaki, waya ta yi ƙara.

*Barka, Ustaza. Saura shekara nawa a arewa?*

*Uku.*

*Ginin da ya fi wannan na jira ya bushe. Amma ki taimake ni. Dabino na kai, shayi na kai, sabulu na kai. Ran Juma'a mi zan sa cikin kular?*

Na daɗe ina kallon mesaj ɗin. Ta taga ina hango Baba a kan tabarmarsa yana hura shayi, hankalinsa kwance, bai san abin da ke tafe masa jibi ba. Shekara guda ina ɓoye mutumin nan kamar abin kunya, yau na kira sunansa gaban uwata da yara arba'in, kuma rufin bai faɗo ba. Na danna harafi huɗu na aika.

*Goro.*